Yaya ake rubuta kan labari mai jan hankali ba tare da yaudara ba?

"Assalamu alaikum malam. Ban daɗe da fara aiki a wata kafar labarai ta intanet ba. Rubuta labarin kansa ba ya ba ni wahala sosai, amma duk lokacin da na zo sa masa kai sai in cije. Idan na rubuta abin yadda ya faru, edita ya ce ba shi da armashi, ba mai latsawa. Idan na ƙara masa gishiri, masu karatu su cika mu da zagi cewa mun yaudare su. Don Allah akwai ƙa'idar da ake bi? Kuma kalmomi nawa ya kamata kan labari ya ɗauka?"

Wa alaikumus salam, malama. Idan na fahimce ki, kina jin an ajiye ki tsakanin abu biyu: kai mai gaskiya wanda ba ya jan kowa, da kai mai jan jama'a wanda ba gaskiya ba. A ganina ba haka lamarin yake ba. Mafi yawan kanun da editoci ke mayarwa suna cewa sun yi lami, ba gaskiya ce ta kashe su ba. Labarin ne ba ya cikinsu. An sanar da mai karatu cewa an yi taro, ko wani babba ya yi magana, amma abin da aka yanke a taron da abin da babban ya faɗa an bar su can a sakin layi na huɗu. Marubuci ya ga kan da ya rubuta bai ja ba, sai ya shiga neman kalmomin zuzutawa, alhali maganin yana cikin labarin da ya riga ya rubuta da hannunsa.

Ya kamata ki san dalilin da ya sa wannan aiki ya fi nauyi yanzu. A jaridar takarda kai yana zaune ne a saman labarinsa, ga hoto a gefe, ga ƙaramin kai a ƙasa. Idan ya ɗan gaza, idon mai karatu zai sauka layi biyu ya gyara fahimtarsa. A intanet kuwa shi kaɗai yake yawo: a sakamakon binciken Google, a Facebook, a WhatsApp, a saƙon da ke faɗowa fuskar waya, har da hoton da wani ya ɗauka ya tura wa wasu ba tare da labarin ba. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Columbia ta Amurka da cibiyar Inria ta Faransa sun bi diddigin labaran da ake yaɗawa a Twitter, suka gano kusan kashi 59 cikin ɗari na adireshin labaran da aka yaɗa ba a latsa su ba ko sau ɗaya. Ke nan a wurin mutane masu yawa, kan da kika rubuta shi ne labarin gaba ɗaya. Saboda haka hujjar nan ta "ai mun yi bayani a ciki" ba ta wanke kowa. Hukumar IPSO da ke sa ido kan yawancin jaridun Birtaniya ma ta sanya wannan a sashe na farko na ƙa'idojinta, inda ta haɗa kanun da labari bai goyi bayansu ba cikin nau'o'in rashin daidaito da ta hana.

Fara gano labarin

Kafin ki taɓa kai, ki gama labarin, ko aƙalla sakin layinsa na farko. Sannan ki ɗauke ido daga rubutun ki faɗa da baki, cikin jumla ɗaya, abin da za ki gaya wa mutumin da ya tare ki a hanya ya ce "me ya faru?" Wannan jumlar ce asalin kanki. Idan kin kasa faɗinta, matsalar ba ta kai ba ce, labarin ne bai nuna ba tukuna, ko kuma labarai biyu ne kika cusa wuri ɗaya.

Ga misali na ƙirƙira. Minista ya zauna da shugabannin ƙungiyar malamai, an daidaita, za a koma aji. Sabon ɗan jarida yakan rubuta "Ministan ilimi ya gana da shugabannin malamai". Ba ƙarya a ciki, amma ganawa ba labari ba ce, hanya ce zuwa labari. Wanda ya fi shi: "Malamai sun janye yajin aiki bayan wata uku". Idan kuma mafi yawan masu karanta kafarku iyayen yara ne, wanda ya fi duka shi ne "Za a buɗe makarantu ranar Litinin bayan malamai sun janye yajin aiki". Duka ukun gaskiya ne, babu wanda aka ƙara wa gishiri, amma na ukun ne zai sa uwa ta tsaya. Tambayoyin da nake bi a nan biyu ne: mene ne sabo wanda jiya ba a sani ba, kuma wa abin zai shafa? Sau da yawa wanda ya yi jawabi ba shi ne ya kamata ya zo farko ba, wanda jawabin zai taɓa rayuwarsa ne.

Aikatau shi ne ƙashin bayan kai

Akwai wasu kalmomin aikatau da ke nuna cewa marubuci bai yanke shawarar mene ne labarin ba: "ya magantu kan", "ya yi tsokaci kan", "ya mayar da martani", "ya bayyana matsayarsa", "ya yi ƙarin haske". Duk inda kika ga ɗaya daga cikinsu a kanki, ki tambayi kanki: to me ya ce? "Shugaban babban banki ya magantu kan hauhawar farashi" bai gaya wa kowa komai ba. "Farashin kaya ba zai sauka ba kafin ƙarshen shekara – Shugaban babban banki" ya gaya.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai aikatau masu zafi da ake ɗaukowa don cike gurbi: "ya caccaki", "ya yi kaca-kaca da", "ya fasa ƙwai", "ya tona asiri", "ya yi amai ya lashe". Ba haramun ba ne, kuma Hausa ce mai daɗi, amma kowannensu hukunci ne da ke kika yanke. Idan mutum cewa ya yi bai yarda da wani tsari ba, cikin ladabi, kika ce ya caccaka, kin ƙirƙiro faɗan da ba a yi ba. Idan kika ce ya tona asiri, kin tabbatar cewa abin da ya faɗa gaskiya ne kuma da an ɓoye shi. Kin tabbatar ɗin? Haka "ya ce" da "ya yi iƙirarin" da "ya amsa cewa" ba ɗaya ba ne. Na farko ba ya ɗaukar ɓangare. Na biyu yana nuna kina shakkar maganar. Na uku yana nuna da ma akwai laifi ko abin kunya da aka matsa masa ya yarda. Idan kina kokwanto, "ya ce" ta fi aminci.

Labarin mutuwa ya fi ko'ina buƙatar kula. "Ya rasu", "ya mutu", "an kashe", "an hallaka", "an sheƙe", kowace da nauyinta. "Sheƙe" tana ɗauke da murna, tana cewa wanda aka kashe ya cancanci hakan, don haka ba ta da wuri a kan labari ko da kuwa jami'an tsaro ne suka ce sun kashe 'yan fashi. Kuma kada kafarku ta riƙa ba manya "rasuwa" tana ba talakawa "mutuwa" a rana ɗaya, masu karatu suna lura.

Sai lokacin aikatau. Kanun Turanci suna ba da abin da ya riga ya faru da sigar abin da ke faruwa yanzu, kuma masu fassara rahotannin kamfanonin dillancin labarai sukan kwaso wannan su zuba a Hausa. "Shugaban ƙasa na sa hannu kan kasafin kuɗi" a kunnen Bahaushe yana nufin alƙalamin na hannunsa yanzu haka. Idan an gama, "ya sa hannu" za ki ce. Ki kuma bambance matakan abin da bai faru ba: "gwamnati za ta", "gwamnati ta ce za ta", "gwamnati na duba yiwuwar", "kwamiti ya ba da shawarar". Tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe tana da yawa, kuma a nan ne ake yawan yin ƙaryar da ba a yi niyya ba. Ƙudurin da ya tsallake karatu na biyu a majalisa bai zama doka ba, don haka "Majalisa ta haramta" kuskure ne, "Ƙudurin haramta kaza ya tsallake karatu na biyu" shi ne daidai.

Wa ya yi, wa ya faɗa

"An" tana da amfani idan ba a san wanda ya aikata ba, ko kuma saninsa ba shi da muhimmanci: "An gano gawar masunta biyu da suka ɓace". Amma tana zama mafaka idan an san mai aikin aka ɓoye shi. "An harbe masu zanga-zanga uku" da "'Yan sanda sun harbe masu zanga-zanga uku" ba labari ɗaya ba ne. Idan kin tabbatar, ki faɗi wanda ya yi. Idan shaidu ne suka faɗa kuma hukuma ta musanta, ki jingina maganar ga shaidun a cikin kan, ba a cikin labari kaɗai ba.

Jinginawa tana da hanyoyi uku da aka saba: a fara da mai magana ("Likitoci sun ce..."), a rufe da "in ji", ko a sa ɗan layi sannan sunan mai magana. Na ukun ya fi gajarta, shi ya sa aka fi son sa, amma yana da haɗari idan maganar zargi ce mai nauyi, domin mai karatu ya riga ya haɗiye ta a matsayin gaskiya kafin idonsa ya kai ga wanda ya faɗa. Ƙa'idar da nake bi ita ce: alkawari da ra'ayi, mai magana zai iya zuwa ƙarshe. Zargi a kan wani mutum kuwa, kalmar "zargi" ko sunan mai zargin ya zo a farko. Alamar zancen wani kuma ba a sa ta sai a kan ainihin kalmomin da mutum ya furta. Idan kin taƙaita ko kin sake tsara maganarsa, ki cire alamar. Ki guji "wai" a kan labari, domin tana nuna ko dai raini ko kuma cewa ke ma ji kika yi ba ki bincika ba.

A labaran kotu kowace kalma mataki ce: kamawa, tsarewa, gurfanarwa, samu da laifi, yanke hukunci. Wanda aka gurfanar ba ɓarawo ba ne a kan labarinki, wanda ake zargi da sata ne, har sai alƙali ya ce ya same shi da laifi. "'Yan sanda sun kama ɓarawon mota" ya riga ya yanke hukunci. "'Yan sanda sun kama mutumin da suke zargi da satar mota" ya ƙara kalmomi biyar, amma ya tsare ki, ya kuma tsare mutumin da wataƙila gobe a sake shi. Dokar ɓata suna ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, musamman kan ko ana auna kai shi kaɗai ko tare da labarinsa, don haka idan zargi ne babba a kan mutum ko kamfani da aka ambaci sunansa, lauyan kafarku ya ga kan tare da labarin kafin a wallafa.

Batun tsawo

Babu adadin da aka saukar, amma akwai iyakar da na'ura ta gindaya. Google yakan yanke kai a sakamakon bincike idan ya wuce wajen haruffa 60, gwargwadon faɗin haruffan, saƙon da ke faɗowa a waya kuma yakan yanke ƙasa da haka a wasu wayoyin. Waɗannan iyakoki suna sauyawa lokaci zuwa lokaci, shi ya sa bai kamata ki haddace lamba ɗaya ki riƙe ta kamar ƙa'ida ba. Hausa kuma tana cin wuri fiye da Turanci a kai, domin ba za ki iya jefar da "ya", "ta", "sun" ba jumla ta tsaya. A aikace, kalmomi 8 zuwa 12 sukan ishi labari kai tsaye. Idan kin wuce 14, yawanci labari biyu kike son faɗa, ko kuma kin ɗauko cikakken muƙamin wani.

Abin da ya fi ƙidaya muhimmanci shi ne abin da kika sa a gaba. Ki ɗauka cewa za a yanke wutsiyar kanki, ki duba ko abin da ya rage yana nan a kan gaskiya. Dubi wannan: "Labarin cewa allurar rigakafi ta kashe yara 9 a makaranta ƙarya ne, in ji likitoci". Idan aka yanke shi a wajen harafi na 60, abin da zai bayyana shi ne "Labarin cewa allurar rigakafi ta kashe yara 9 a makaranta...", wato kin yaɗa jita-jitar da kika zo ƙaryatawa. "Likitoci sun ƙaryata jita-jitar mutuwar yara bayan rigakafi" ya sa ƙaryatawar a farko, ko ina aka yanke ba zai juye ba. Korewar Hausa ma tana da wannan matsala, tunda "ba" biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa, mai saurin karatu yakan tsallake ta farkon, ta ƙarshen kuma a yanke ta.

Babban abin da ke kumbura kanun Hausa shi ne sarƙar mallaka: "Shugaban kwamitin binciken badaƙalar kuɗin gyaran asibitocin gwamnati ya yi murabus". Sai an wuce kalmomi takwas kafin a ga aikatau. Ki datse: "Mai binciken badaƙalar kuɗin asibitoci ya yi murabus". Sunan mutum ba ya shiga kai sai idan masu karatunku sun san shi ba tare da bayani ba, in ba haka ba ki sa abin da yake: wani likita, tsohon minista, ɗalibar jami'a. Gajerun sunayen hukumomi na manyan baƙaƙe ma haka, ɗaya ya isa a kai, shi ma wanda kowa ya sani.

Idan wata rana kika koma jaridar takarda, can lissafin daban ne, domin faɗin gurbi ake cikewa. Tsohuwar hanyar ƙirga ita ce a ba yawancin ƙananan haruffa maki ɗaya, sirara irin i, l, t, f, j rabin maki, m da w ɗaya da rabi, manyan baƙaƙe ɗaya da rabi, M da W biyu. Kwamfuta ta ɗauke wannan wahala yanzu, amma karya layi har yau aikin mutum ne. Kada layi ya ƙare da "da", "a", "na" ko "ta", kuma kada a raba "ya" ko "sun" da aikatau ɗinsu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Lambobi

Lamba tana ba kai ƙarfi fiye da kowace sifa. "Gobara ta ƙone shaguna 40" ya fi "Mummunar gobara ta yi gagarumar ɓarna". Amma lamba ɗaya ko biyu, ba uku ba, kuma a dunƙule manyan alƙaluma: "kusan dala miliyan 5" maimakon a jero sifili. A bala'in da ake ci gaba da ƙidaya gawarwaki ki sa "aƙalla", ki jingina adadin ga wanda ya bayar.

Kaso shi ne ramin da aka fi faɗawa. Idan kuɗin ruwa ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 12 cikin ɗari, ya ƙaru da maki 2, wanda ƙarin kashi 20 ne na abin da yake a da. Wanda ya rubuta "ya ƙaru da kashi 2" da wanda ya rubuta "ya ƙaru da kashi 20" duk za su rikita mai karatu. Mafi aminci ki ce "daga kashi 10 zuwa 12". Labaran lafiya sun fi cutuwa da wannan. A watan Oktoban 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa don ya daɗe a rukuni ɗaya da taba sigari, kanun jaridu da dama kuma suka fito suna nuna cewa haɗarinsu ɗaya. Alhali rukunin yana auna ƙarfin hujjar cewa abu na iya jawo cutar ne, ba girman haɗarin ba. Abin da rahoton ya ce shi ne cin giram 50 kullum yana ƙara yiwuwar kamuwa da dajin hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari a kan yiwuwar da mutum ke da ita tun farko, wanda ko kusa bai kai abin da taba ke yi wa huhu ba. Duk lokacin da kika ga "ya ninka haɗari", ki nemi sanin daga nawa zuwa nawa kafin ki sa a kai. Kuma binciken da ya ga alaƙa tsakanin abu biyu bai ce ɗaya ne ya haddasa ɗayan ba.

Harshen damo

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kai, wanda ba shi da jumlolin da ke kewaye da shi su fayyace shi, ya fi saurin ɗaukar ma'ana biyu. Idan aka ƙara da sakacin barin baƙaƙe masu ƙugiya, abin ya ƙara lalacewa: kasa da ƙasa, bata da ɓata, kafa da ƙafa, karya da ƙarya. Ki sa ƙugiyoyinki. Ki kuma lura da kalmomi masu fuska da yawa irin "kashe", wadda ke aiki a kan rai da kuɗi da wuta da aure.

Wakilin suna shi ne ɗayan. "Uba ya kai ɗansa kotu bayan ya sayar da gidansa": wa ya sayar, gidan wa? "Uba ya maka ɗansa a kotu kan sayar masa da gida" ya rage ruɗanin. Maganin duk wannan ɗaya ne kuma ba ya cin minti guda: ki ba wani wanda bai karanta labarin ba kan kawai, ki ce ya faɗa miki abin da ya faru. Idan abin da ya faɗa ya saɓa da labarin, kan ne ke da laifi, ba shi ba.

Inda jan hankali ke zama yaudara

Kan yaudara iri biyu ne. Akwai mai ɓoye labari da gangan ("Ba za ku yarda da abin da wannan matar ta gani a ɗakinta ba"), akwai mai kumbura shi fiye da yadda yake. Waɗannan biyun ne Facebook ya ambata a watan Agustan 2016 lokacin da ya ce zai rage yaɗa labaran kafafen da suka saba da irin waɗannan kanu. Wannan hujja ce da za ki iya kai wa editanku idan hujjar mutunci ba ta ratsa shi ba: latsawar da aka samu ta hanyar tarko tana zuwa da mai karatun da zai fita cikin daƙiƙa kaɗan da haushi, gobe kuma ya ga sunan kafarku ya wuce.

'Yan kalmomin da ake liƙawa a gaba, "Da ɗumi-ɗumi", "Yanzu-yanzu", "Tirƙashi", "Wata sabuwa", suna cinye haruffan farko waɗanda su ne mafi tsada a kai. "Da ɗumi-ɗumi" tana da aiki idan abin babba ne kuma bai fi awa ɗaya ko biyu da faruwa ba, sannan a dawo a cire ta. Kafar da ke sa ta a labari goma kullum ta kashe ta, ranar da babban abu ya faru ba ta da sauran kalmar kira. "Tirƙashi" da 'yan'uwanta kuwa gaya wa mai karatu ne yadda zai ji, wanda ba aikinmu ba ne. Haka "yau" da "jiya": labarin zai zauna a intanet shekaru, gara ki sa ranar ko ki bar ta cikin labari.

Kai mai alamar tambaya yana da suna maras kyau a wannan sana'a. Wani ɗan jaridar fasaha na Birtaniya, Ian Betteridge, ya yi wata magana a 2009 da ta zama kamar karin magana a ɗakunan labarai, cewa duk kan da ya ƙare da alamar tambaya ana iya amsa shi da "a'a". Dalilinsa shi ne mai rubutun ya san ba shi da hujja, sai ya fake da tambaya don ya jefa zargin. "Shin minista ya karkatar da kuɗin?" zargi ne da aka sa wa hula. Tambaya tana halatta a rubutun bayani, irin "Me ya sa farashin mai ke tashi?", muddin amsar na ciki da gaske.

Wannan bai hana a bar wa mai karatu abin nema ba. Bambancin shi ne ki ba shi abin da ya faru a kai, ki bar yadda aka yi da dalili su ja shi ciki. "Makaho ya kammala karatun likitancin ƙwaƙwalwa da sakamako mafi kyau a ajinsu" bai ɓoye komai ba, amma wa zai gani bai so sanin yadda aka yi ba? Labaran rayuwa da na wasanni da sharhi sun fi ba da damar wasa da harshe da karin magana. A labarin mutuwa, fyaɗe ko rikici kuwa, ba a wasa. Ba a sa ƙabila ko addinin wanda ake zargi a kai sai idan shi ne ainihin batun. Ba a sa abin da zai sa a gane yarinyar da aka ci zarafinta. A labarin wanda ya kashe kansa, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ga 'yan jarida ta ce a guji kanu masu zuzutawa da bayyana hanyar da aka bi, saboda an ga hakan yana sa wasu masu rauni su kwaikwaya.

Gaggawa da gyara

Kan da ya fi kowane shahara a tarihin kuskure shi ne na jaridar Chicago Daily Tribune ta ranar 3 ga Nuwamban 1948, wanda ya ce Dewey ya kayar da Truman a zaɓen shugaban Amurka. Yajin aikin ma'aikatan ɗab'i ya tilasta wa jaridar shiga inji da wuri, sai ta dogara da hasashe da sakamakon farko-farko. Truman ne ya ci, hotonsa yana ɗaga jaridar yana dariya kuma har yau ana nuna shi. A sakamakon zaɓe, hukuncin kotu da mutuwar sananne, kai ya tsaya daidai inda tabbaci ya tsaya: "na kan gaba" daban, "ya lashe" daban. Idan labari ya sauya, ki sauya kan a shafi, ki kuma tuna cewa wanda aka riga aka tura Facebook da sauran wurare ba lallai ya sauya da kansa ba, sai an bi shi an gyara ko an goge an sake turawa tare da bayanin gyaran.

Game da editanku, hanyar da ta fi rage jayayya ita ce kada ki kai masa kai ɗaya. Kafar Upworthy ta Amurka ta yi suna da sa marubutanta su rubuta kanu 25 ga kowane labari. Ba sai kin kai haka ba, biyar sun isa: ɗaya ya fara da wanda ya aikata, ɗaya da wanda abin ya shafa, ɗaya da lamba, ɗaya da maganar wani, ɗaya da abin da zai biyo baya. Na farkon da ya zo miki yawanci shi ne wanda kowace kafa za ta rubuta. Ki zubar da duk wanda ba za ki iya nuna jumlar da ta tabbatar da shi a sakin layi uku na farko ba, ki kai masa biyu ko uku da suka rage ya zaɓa. Idan kafarku tana da manhajar gwada kanu biyu a kan masu karatu daban-daban, ku yi amfani da ita, amma ku san iyakarta: yawanci latsawa take ƙirgawa, kuma a ƙaramar kafa adadin masu shigowa cikin awa ɗaya bai isa a yanke hukunci da shi ba. Ku haɗa da duba tsawon lokacin da mutane suka zauna a kan labarin da kuma yawan waɗanda suka dawo cikin mako, kuma kanun da za a saka a gwajin su kasance duka sun riga sun tsallake tantancewar gaskiya.